Lomar Kabo

Duk direban da ya taɓa yada zango a tashar manyan motoci ta Gaya ya san hannun Kabo, ko da bai riƙe fuskarsa ba. Idan kamyo ya hayo gada daga Malanbil aka sauke kaya ma'aikatan duwan, wato kwastan, suka duba, ko aka yi lodin albasa za a gangara Kwatano, Kabo ake nema ya ɗaure. Yakan hau can bisa kaya ya wurga igiya, ya sauko ya taka ta da ƙafa ya ja, sannan ya yi ƙulli da hannun dama kaɗai yana hira da na gefensa. Direbobi suna cewa ɗaurin Kabo, ko mota ta kwanta kaya ba sa watsewa. Ƙarya ce irin ta direbobi, amma Kabo bai taɓa wahalar da kansa wajen ƙaryata ta ba.

Ba'are ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Karakara. Ya zo Gaya yana saurayi a wata shekara da gero bai yi ba, da niyyar ya ci rani ya koma. Ranin nan har yau bai ƙare ba. Igiya kuwa tun a gona ya san ta, wajen ɗaurin dami da jan guga, don haka da ya ga ana biyan mutum don ya ɗaure kaya sai ya ce ashe mutanen birni ma suna da tasu wautar. Ya auri Hawwa, ya gina gida a bayan shagona, ya aurar da ƴaƴansa mata, ɗansa namiji kuma yana aiki a Doso.

Ni sunana Ado, tela ne. A ƙofar shagona akwai bishiyar mangwaro, kuma ƙarƙashinta muke ciyayya tun ƴaƴanmu suna rarrafe. Bayan azahar kowane gida ya fito da kwanonsa, a jera bisa tabarma, a buɗe ɗaya a cinye tare, a jawo na gaba. Waɗanda ba sa fashi su ne ni da Kabo, da Alfari mai sayar da kayan babur, da Hama, Bafillace dillalin dabbobi, dogo siriri, wanda in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe masa riga.

Ba'are da Bafillace abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kuma waɗannan biyun ba su bar gadon ya lalace ba. Baƙo in ya ji su zai nemi sanda ya raba.

"Kai bawana, matsa ka ba ubangidanka wuri," in ji Hama duk ranar duniya.

"Wurin mi? Kai da ko bisa igiyar shanya ka zauna ta ishe ka."

In kwano yana da nama, Hama ya janye shi gabansa, Kabo ya jawo, Hama ya sake janyewa. Ni da Alfari mun saba bin kwano da hannu. Ranar da mahaifin Kabo ya rasu, Hama ya bi shi har Karakara. Ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya dubi Kabo a tsakiyar zaman makoki ya ce tsoho ya yi wayo, ya gudu ya bar masa bawa mai cin tsiya. Kabo ya yi dariya da hawaye a fuska, dattawan wurin ma suka murmusa, don sun san haƙƙinsa ne ya faɗa.

Ciwon ya zo wa Kabo da hantsi, farkon damina, a tasha. Yana warware igiya sai ta suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, ya bi ta ƙasa. A likita, wato asibiti, lokotoro ya ce tansiyo ce, hawan jinin da ya daɗe yana yawo da shi bai sani ba, ta taɓa masa ɓarin dama. Da aka sallamo shi ƙafa tana ja amma tana ɗaukarsa. Baki ya ɗan karkace, magana tana fita da nauyi. Hannun dama kuwa yana kwance a cinyarsa, yatsu a dunƙule, kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Mutanen Gaya ba sa barin mara lafiya shi kaɗai, wannan kam ba a ƙwace musu. Gidan Kabo ya cika. In ya motsa zai tashi, mutum biyu sun zabura sun kama hannun sun ɗaga shi. In ya dubi randa, an riga an kai masa moɗa baki. Wannan ta kawo man shanu a shafa, wancan ya kawo saiwa a jiƙa. Kowa murya ƙasa-ƙasa, kowa "sannu, Allah shi ƙara sauƙi". Ni ma na yi nawa sannun. Amma wallahi akwai ranakun da nake fitowa daga gidan raina a ɓace, ban san da wa nake fushi ba.

Ciyayya kuwa bai sake zuwa ba. Kwanon gidansa yana fitowa kullum, don Hawwa ba ta yarda a ce gidanta ya yi fashi, amma mai kwanon yana ɗaki.

Wata rana na shiga duba shi na tarar Hama ya fita ke nan. Ga ƙwaryar nono a gefe an rufe da faifai. Kabo yana zaune ya jingina da bango, ya zuba wa ƙofa ido.

"Ado," ya ce, yana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "gaya mini gaskiya. Lokotoro ya faɗa muku wani abu ne da ba a faɗa mini ba?"

"Kamar mi?"

"Hama ya tuɓe takalmi a ƙofa. Ya durƙusa. Ya ce mini Malam Kabo."

Na so in yi dariya, da na ga fuskarsa sai dariyar ta koma ciki. Mutumin nan tsoro ne ya kama shi. Na rantse masa babu abin da aka ɓoye. Ya ce to in haka ne, mutumin da bai raga masa ba ranar da ya binne ubansa, me ya gani yanzu da ya fi wannan? Na ce ya sha nonon kafin ya yi tsami.

A likitar akwai wata matashiya, Nasiba, wadda ake ce wa kine, wato mai gashi da motsa gaɓoɓin waɗanda jiki ya shanye musu. A Yamai ta yi karatu. Wurinta ake kai Kabo bisa kabu-kabu, Hawwa tana biye a wani. Ni abin da ya kai ni, aikowa ta yi wai a zo mata da telan unguwa. Na iske ta tana yi wa Hawwa faɗa cikin ladabi: a daina ɗaga shi ta hannun, kafaɗar ba ta da mai riƙe ta yanzu, ja ɗaya zai iya gurɗe ta. Kuma a daina yi masa abin da zai iya yi wa kansa, ko da zai yini yana yi.

Sannan ta juyo kaina. Wai in cire mazagin wandunansa duka in sa lastik, in faɗaɗa wuyan riguna, in cire maɓallai. A nan na gane cewa mutumin da ya ɗaure kayan Gaya kaf ya kasa ɗaure wandonsa, Hawwa ce ke ɗaure masa, har in zai zaga bayan gida sai ya kira ta. Na yi ɗinki iri-iri a rayuwata, har likkafani na ɗinka, amma ban taɓa yin wanda ya yi mini nauyi kamar wannan ba. Sai dai ranar da ya sa wandon da kansa, Hawwa ta ce ya kore ta daga ɗakin yana cewa me take jira.

Ina nan tsaye a ranar farkon Nasiba ta jawo kujera ta zauna gabansa.

"Baba, mi kake so hannun ga shi yi maka? Ban ce duka ba. Abu guda, wanda ya fi damunka."

Na ɗauka igiya zai ce. Hawwa ta gaya mini daga baya ita alwala ta zata.

"Loma," in ji Kabo.

"Loma?"

"In yanki tuwo, in mulmula, in kai baki. Cikin kwanon mutane."

Ta ce wannan mai sauƙi ne, akwai cokali da ake naɗe wa mariƙi da roba ya yi kauri, a zuba masa nasa a gefe. Ko kuma ya ci da hagu, ai lalura ce.

"Ɗiyata, cokali da kwano daban na baƙo ne. Hagu kuwa, liman ya ce ba laifi, ni ma na sani, da ita nake ci a ɗaki. Amma hannun da nake tsarki da shi ba ya shiga kwanon da Alfari zai ci."

Ta riƙa juya yatsunsa a tafinta. Abin da ya sa yarinyar nan ta shiga raina shi ne ba ta yi masa gardama ba, ba ta kuma yi masa daɗin baki ba.

"Igiya kam, Baba, ka cire rai. Loma ban yi maka alkawari ba. Amma mu gwada."

Gwajin nan ya cinye damina duka. Da safe Hawwa ta jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ta buɗe yatsun a hankali ɗaya-ɗaya. Sai ya kifa tafin bisa tabarma ya jingina nauyinsa a kai, wai don hannun ya tuna cewa na jikin ne. Sai a ba shi tsumma ya yi ta goge faranti. Hagun kuwa Nasiba ta ce ya zauna a kanta in ana aiki, don ta cika shisshigi, kafin dama ta yi yunƙuri ta riga ta gama.

Daga nan aka shiga ɗaukar kaya daga wannan ƙwarya zuwa waccan. An fara da ƙwallon giginya, wanda hannu biyu ma yake cikawa, yana tura shi da tafi. Aka koma goruba. Daga goruba aka koma goro, daga goro sai gyaɗa. Kabo ya gaya mini kamawa ba ita ce wuyar ba. Yatsun sun iya dunƙulewa, abin da suka ƙi koya shi ne saki. Yakan ɗauki goro ya kai bisa ƙwarya, ya tsaya yana lallashin hannunsa ya sake, gumi yana zuba kamar mai lodin siminti.

Ba kullum abin ke tafiya ba. An yi makonni hannun ya tsaya cak, kafaɗa tana ciwo, ya yi wurgi da ƙwarya ta fashe, ya ce yarinya ta mayar da shi yaron goye. Hawwa ta share gyaɗar, ta ɗauko wata ƙwaryar ta ajiye masa, ta koma bakin murhu. Ni a ganina rabin aikin nan nata ne. Wuya ce babba mace ta ga mijinta yana fama da abin da za ta yi masa cikin ƙiftawar ido, ta naɗe hannu ta kau da kai.

Da gyaɗa ta fara biyayya, Nasiba ta sa aka ɗebo laka daga bakin kogi. Kabo ya riƙa yanka yana mulmulawa, yana danna rami da babban yatsa kamar yadda ake yi wa miya wuri. Tsakar gidan ya cika da lomomin laka suna bushewa a rana, kaji suna zuwa suna tsattsaga suna komawa da takaici. Bayan laka aka koma tuwon da ya kwana, don ya fi tauri. Ta koya masa ya kafa gwiwar hannu bisa gwiwar ƙafa, ya ɗan sunkuyar da kai ya tari lomar a hanya, kwano kuma ya kasance ta damansa.

A tsakanin nan na tari Hama. Na ce masa mutuminka fa ladabinka yana kashe shi, ka je ka zage shi ko sau ɗaya, sadaka. Ya daɗe yana wasa da sandarsa a ƙasa.

"Ado, kana tsammanin ban gwada ba? Tun daga kasuwa nake shirya abin da zan ce. Ina ganin bakinshi sai ta maƙale. Wasa na masu iya ramawa ne. In ka tsokani wanda ba ya iya ramawa, ba wasa ka yi ba, cin zali ka yi."

Na yi ta juya maganar nan bisa keken ɗinki. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce take ci wa Kabo rai, don shi ma ya san dokar. Duk "sannu Malam" da Hama ya yi, abin da Kabo yake ji shi ne an cire shi daga cikin masu ramawa. Ga mutum biyu suna son juna, kowanne yana jiran ɗaya ya fara, ni kuma a tsakiya da allura a hannu, ban san inda zan soka ba.

Nasiba ce ta tura shi waje, ba tare da ta san zancen Hama ba. Da aka fara shigo da rake kasuwa Kabo yana iya kai loma baki, wata ta isa, wata ta faɗi a hanya. Ya ce zai fita in ta daina faɗuwa.

"Baba, in kana jiran shi koma kamar da, ba ka fita har abada," in ji ta. "Abin da ɗaki zai koya mishi ya ƙare. Sauran sai inda ake ci."

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci. Mun jera kwanoni ke nan sai ga shi ya ɓullo ta lungu, sanda a hagu, yana jan ƙafa, Hawwa tana leƙe daga zaure. Alfari ya zabura zai kama shi, na taka masa riga. Kabo ya zauna da kansa, da ƙyar, a wurinsa na da, kusa da Hama.

"Sannu da fitowa, Malam Kabo," in ji Hama, kansa a ƙasa. Yana sanye da farar babbar rigar da na ɗinka masa da salla.

Kabo ya ajiye sandarsa a gefe. Ya miƙa hannun dama aka zuba masa ruwa.

Kwanon gidansa muka fara buɗewa. Hawwa ta tuƙa tuwon dawa mai tauri da miyar kuka mai kauri, kowa ya gane dalili. Kabo ya kafa gwiwar hannu, ya yanka, ya mulmula, ya sunkuya. Ta isa. Ya sake, ta isa. Mu kuwa muna ci kamar a gidan surukai, ba mai magana, kowa yana yi kamar ba ya kallo. Alfari yana ta turo masa kwano da yatsa a ɓoye. Ban taɓa cin tuwo marar daɗi irin na ranar ba, alhali Hawwa ba ta taɓa tuƙa wanda ya fi shi ba.

Kwano na biyu na gidan Hama ne: tuwon shinkafa mai laushi, da miyar kuɓewa ɗanya mai yauƙi, ga kifi a sama. Mai lafiyayyen hannu ma sai ya yi dabara. Alfari ya yi sauri zai mayar da murfi, wai a fara da nasa. Kafin ya rufe, Kabo ya riga ya sa hannu.

Ya yanka. Ya mulmula iya yadda ta yarda. Ya tsoma a miya, ya ɗago, yauƙin yana binsa. Hannun ya zo rabin hanya ya fara rawa, yatsun nan da aka yi damina ana roƙonsu su koyi saki suka saki. Lomar ta sulluɓe ta faɗa bisa ƙirjin farar rigar Hama, ta gangara, ta bar hanya kore har cinya.

Na ga Kabo ya dubi hannunsa, sannan ya fara laluben sandarsa da hagu. Na san in ya tashi a nan, ya tashi ke nan.

"Ba komi, ba komi," Alfari ya fara, "ai wanki..."

"Ba komi a gidan wa?" in ji Hama.

Ya kama rigar da yatsu biyu ya ɗaga, ya dube ta, ya dubi Kabo. Wannan karon maganar ba ta maƙale ba.

"Ku duba mini bawan ga. Shekara da shekaru ina ciyar da shi, ya tafi ya kwanta damina guda ya ƙi aiki, yau ya dawo rigata yake ba tuwo. Kai Ba'are, an ce maka ita ma yunwa take ji irin taku?"

Kabo ya saki sandar. Bakin nan karkatacce ya yi ta motsi yana tattaro kalmomi, mu duka muna jira, Hama ya fi kowa jira.

"Tausayinta na ji," ya ce a hankali. "Tun safe take yawo, ba kowa a cikinta."

Alfari ya ƙware, sai da na buga masa baya. Ni dariya nake yi hawaye yana zuba, ban kuma ɓoye ba, don daɗi ne ya kama ni irin wanda na daɗe ban ji ba. Daga zaure muka jiyo Hawwa tana tafa hannu tana salati.

Hama bai yi dariya ba. Ya goge fuska da hannun riga, ya ce wanda ya ɓata wa ubangidansa tufa ba ya cin kifi. Ya kama bakin kwanon ya janye shi gabansa, can nesa, ba ragi ko kaɗan, daidai inda ya saba kai shi.

Kabo ya dubi kwanon. Ya gyara zama, ya danne hagunsa a ƙarƙashin cinya, ya miƙa dama. Hannun yana rawa, ya wuce gwiwarsa, ya wuce gwiwar Hama, yatsun suka sami bakin kwano suka kama. Babu wanda ya taimaka masa. Ya ja, Hama ya riƙe.

"Saki, ɓarawon shanu," in ji Kabo.

"Ƙwace, in kana iyawa."